Dangi mai fansa: yadda dokar gona da bashi ta Isra'ila ta zama hoton ceto a wurin Kirista

Kalmar fansa tana da gida biyu a kunnen mai jin Hausa a yau. A labaran rediyo da kuɗi take tafiya: an tare hanya, 'yan bindiga sun bugo waya, iyali sun sayar da shanu da gona sun kai kuɗin fansa daji. Ran Lahadi kuma, a majami'un da ake sujada da Hausa, daga Jos zuwa Kafanchan, Zuru, Mubi har Maraɗi, ana rera waƙa ana kiran Yesu Mai Fansa. Wanda ya ji duka biyun yana da hujjar tambaya: in an fanshi ɗan Adam, wa ya sace shi, wa kuma ya karɓi kuɗin? Malaman Kirista sun soma jayayya a kan wannan tun ƙarni na 3. Sai dai rabin ruɗanin ya taso ne daga mantawa da asalin kalmar. Fansar da Littafi Mai Tsarki yake magana a kai dokar iyali ce ta Isra'ila ta dā, dokar gona da bashi da gado, wadda ta ɗora wa mutum nauyin fitar da ɗan'uwansa daga ƙangi.

## Wane ne go'el?

Da Ibrananci ana ce wa wannan ɗan'uwa go'el. Ba sarauta ba ce, ba kuma sana'a ba. Duk namijin da ya fi kusa da wanda ya shiga uku ta wajen jini, shi ne go'el ɗinsa, ko yana so ko ba ya so.

Tushen dokar yana cikin Littafin Firistoci sura 25. A aya ta 23 Allah ya ce ƙasar tasa ce, Isra'ilawa baƙi ne a cikinta, don haka ba a sayar da gona sayarwa ta har abada. Abin da suke kira sayarwa ya fi kama da jinginar gona da manoman ƙasar Hausa suka sani. In talauci ya sa mutum ya saki gonarsa, ɗan'uwansa na kusa zai je ya biya ya karɓo ta. Ba a yin ciniki da ka: ana lissafa shekarun da suka rage kafin shekara ta 50, shekarar 'yanci, wadda a cikinta kowace gona take komawa ga masu ita na asali, sai a biya gwargwadon girbin da ya rage. Gidan da ke cikin birni mai ganuwa kuwa shekara ɗaya tak aka ba shi, in ta wuce ba a fanshe shi ba, ya tafi ke nan.

Haka ma in mutum ya sayar da kansa ga baƙo mai arziki saboda bashi. Ayoyi 47 zuwa 49 sun jera waɗanda nauyin ya hau kansu: ɗan'uwansa, ko baffansa, ko ɗan baffansa, ko wani na jininsa. Ayar ta ƙara da cewa in shi kansa ya samu hali, yana iya fansar kansa.

Akwai wani aikin go'el da ba a cika wa'azi a kansa ba. A Littafin Ƙidaya sura 35 shi ne mai bin hakkin jini: in an kashe ɗan'uwansa, shi zai bi sawun wanda ya kashe. Shi ya sa aka keɓe birane 6 na mafaka domin wanda ya yi kisa bisa kuskure, ya zauna can har babban firist ya rasu. Wanda ya san fiƙihu zai ga kamanni a nan, da waliyyin jini, da dangin da ke haɗa diyyar kisan kuskure, da kuma shuf'a, wato hakkin abokin tarayya na a fara yi masa tayi kafin bare. Dokokin ba ɗaya suke ba, amma duk sun ɗauka cewa masifar mutum ɗaya ta gidansu ce gaba ɗaya.

Annabi Irmiya ya taɓa yin wannan aiki da kansa. Wajen shekara ta 587 kafin haihuwar Almasihu, rundunar Babila ta kewaye Urushalima, shi kuma yana tsare, sai ɗan baffansa Hanamel ya zo masa da tayin gona a Anatot. Irmiya ya auna shekel 17 na azurfa, wato ma'aunin nauyi na lokacin, ya biya a gaban shaidu, aka sa takardun a tukunyar ƙasa don su daɗe. Gona ce da abokan gaba suka riga suka mamaye yankinta.

## Gonar Na'omi da takalmin wane

Inda dokar ta yi tsoka da jini shi ne Littafin Rut, ɗan ƙaramin littafi mai sura 4 da aya 85. Yunwa ta kori Elimelek da matarsa Na'omi da 'ya'yansu biyu, Malon da Kiliyon, daga Baitalami zuwa ƙasar Mowab. Uban ya rasu, 'ya'yan suka auri Mowabawa, bayan kamar shekara 10 su ma suka rasu ba su bar ɗa ba. Na'omi ta koma gida hannu rabbana, tare da surukarta Rut wadda ta ƙi rabuwa da ita. Sun iso a farkon girbin sha'ir, Rut ta fita kala, ta faɗa gonar wani attajiri mai suna Bo'aza. Da Na'omi ta ji sunan, ta ce ai wannan yana cikin masu fansarsu.

Na'omi ce ta tsara abin da ya biyo baya. Ta aiki Rut masussuka da dare, inda Bo'aza yake kwance kusa da tsibin hatsinsa. Rut ta roƙe shi ya rufe ta da gefen mayafinsa, gama shi go'el ne. Kalmar da aka fassara gefen mayafi ita ce kuma fiffike a Ibrananci, kuma Bo'aza da bakinsa ya taɓa sa mata albarka cewa ta zo neman mafaka ƙarƙashin fikafikan Allah na Isra'ila. Wato ta mayar masa da addu'arsa ne, ta ce ya cika ta da hannunsa.

Bo'aza ya yarda, amma ya ce akwai wanda ya fi shi kusa. Da safe ya zauna a ƙofar gari, ya tara dattawa 10, ya kira mutumin. Marubucin ya ƙi faɗin sunansa, ya sa masa peloni almoni, daidai da yadda Bahaushe zai ce "wane". Aka ce masa ga gonar Elimelek, nan take ya ce zai fansa. Sai Bo'aza ya ƙara da cewa ranar da ya karɓi gonar, Rut ma ta shiga hannunsa, domin a raya sunan mamaci a kan gādonsa. Nan wane ya janye, ya ce kada ya ɓata nasa gādon.

Lissafinsa a fili yake, kuma ba na mugu ba ne. In Na'omi ce kaɗai, tsohuwa ce da ta wuce haihuwa, gonar za ta zauna a gidansa. In akwai Rut, zai biya kuɗin gona, ya ciyar da mata biyu, ya haifi ɗa, ɗan kuma ya gāji gonar da sunan wani. Riba ta koma asara. Wane ya tuɓe takalminsa ya miƙa, alamar ya sallama hakkinsa, Bo'aza ya ɗauki asarar. Aka haifi Obida, mahaifin Yesse, mahaifin Sarki Dawuda.

Masu nazari sun daɗe suna tuntuɓe a wannan sura, domin dokoki biyu ne aka cuɗa. Auren matar ɗan'uwan da ya mutu ba ɗa yana cikin Maimaitawar Shari'a sura 25, kuma 'yan'uwan da suke zaune gida ɗaya ya shafa, ba dangi na nesa ba. Can ba a ambaci go'el ba. Can matar ce take cire takalmin wanda ya ƙi, ta tofa masa yawu a fuska, a nan kuwa ba tofi ba zagi. Wasu sun ce al'adar Baitalami ce ta faɗaɗa dokar, wasu sun ce dabarar Bo'aza ce. Ko wanne ne, shari'a ba ta tilasta wa Bo'aza auren ba. Wani abin kuma da ake yawan tsallakewa: a ƙarshen littafin, da matan gari suka yi wa Na'omi barka cewa Allah bai bar ta ba mai fansa ba, maganarsu ta fi karkata ga jaririn da ke cinyarta, ba ga Bo'aza ba.

## Daga ƙofar gari zuwa wa'azin ceto

Ba Kirista ne suka fara ɗora wa Allah wannan suna ba. A Fitowa 6:6 Allah ya ce zai fanshi Isra'ila daga Masar, da kalmar nan ta dangi. Karin Magana 23:11 ta gargaɗi mai cin iyakar gonar marayu cewa go'el ɗinsu mai ƙarfi ne. Annabi Ishaya, daga sura 41 zuwa gaba, yana ta maimaita sunan ga mutanen da aka kwashe zuwa Babila. Ma'anar mai nauyi ce: Allah ya mai da kansa ɗan gida, wanda hakkin fansa ya hau kansa.

Kirista sun ɗora a kan wannan. Abin da suke gani a dokar shi ne, bare ba ya fansa, komai arzikinsa. To in ɗan Adam ne ya faɗa bashin zunubi da bautar mutuwa, mai fansarsa dole ya zama ɗan Adam. Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa sura 2 ita ce ginshiƙin wannan fahimta: ta ce Yesu ba ya jin kunyar kiran mutane 'yan'uwansa, ya ɗauki nama da jini kamar nasu, ya zama kamarsu ta kowace fuska, domin ya 'yanta waɗanda tsoron mutuwa ya bautar. Manzo Bulus ma a Galatiyawa 4:4-5 ya ce an haife shi daga mace, ƙarƙashin shari'a, don ya fanshi waɗanda ke ƙarƙashin shari'a su zama 'ya'ya. A wannan karatu, haihuwar Yesu a Baitalami ita ce shigarsa dangi.

Kusanci kaɗai bai isa ba, sai da abin biya, kuma wanda shi ma bashi ya yi masa katutu ba ya fansar wani. A nan ne koyarwar Kirista ta rabu da Littafin Firistoci, wanda ya bar ƙofar fansar kai a buɗe. Suna kafa hujja da Zabura 49, wadda ta ce ba mai iya fansar ran ɗan'uwansa domin tsadarsa ta fi ƙarfin kowa, sai su ce Yesu ne kaɗai marar bashi. Markus 10:45 ta ce ya zo ya ba da ransa fansa domin mutane da yawa, 1 Bitrus 1:18-19 kuma ta ce ba da azurfa ko zinariya aka yi fansar ba, da jininsa ne. Sauran sassan labarin suna samun gurbi cikin sauƙi a wa'azi: yardar Bo'aza ita ce alheri, gonar da ta dawo ita ce gādon da aka yi wa masu bi alkawari, Rut kuma, 'yar ƙabilar da Maimaitawar Shari'a 23:3 ta hana shiga taron Ubangiji, ita ce al'ummai da aka shigo da su gida. Matiyu ya sa sunanta a jerin kakannin Yesu.

Sai dai akwai abin da ya kamata mai sauraro ya sani. Sabon Alkawari bai taɓa cewa Bo'aza hoton Almasihu ba ne. Ya faɗi haka a kan Adamu, da Malkisadik, sarki kuma firist na zamanin Ibrahim, da Yunusa, da macijin tagulla da Musa ya ɗaga a jeji, amma Bo'aza a jerin asali kaɗai ya fito. Kalmar Helenanci da tsohuwar fassarar Yahudawa ta yi amfani da ita wajen go'el a Littafin Rut ba ta cikin Sabon Alkawari. Kai, sunan "mai fansa" kansa, a Helenanci, sau ɗaya ya zo a can, a Ayyukan Manzanni 7:35, kuma Musa aka kira da shi. Saboda haka masu tafsiri sun kasu. Wasu suna ganin Ruhu ne ya shirya labarin Rut tun farko ya nuna Almasihu, har suna cewa wane, ɗan'uwan nan da ya janye, shi ne Shari'ar Musa da ta kasa ceto. Wasu suna cewa misali ne mai kyau da ya dace da Ibraniyawa 2, amma ba a gina koyarwa a kan kowane lungu nasa. Nassin ya fi goyon bayan na biyun, ko ba komai Bo'aza bai mutu don kowa ba, ya ma samu gona da mata.

Ayuba 19:25, inda ya ce ya san mai fansarsa yana da rai, ita ma haka take. Kirista suna rera ta a jana'iza suna nufin Yesu, amma abin da Ayuba yake nema a wurin shi ne wanda zai tsaya masa ya wanke sunansa.

## To, wa aka biya?

Orijin, wani malamin Kirista na Iskandariya, a ƙarni na 3, ya ce Shaiɗan aka biya, tunda shi ke riƙe da fursunonin. Giregori na Nissa ya ƙara da misalin ƙugiya: Shaiɗan ya haɗiyi naman, wato jikin Yesu, bai ga ƙugiyar Allahntakar da ke ciki ba. Abokinsa Giregori na Naziyanzus ya ƙi wannan, ya ce abin kunya ne a ce ɗan fashi ya karɓi Allah kansa a matsayin lada. A 1098 Anselm, babban bishop na Kantabari a Ingila, ya kammala littafin da ya juya maganar: bashin na Allah ne, mutum ne ya kamata ya biya, Allah ne kaɗai zai iya, don haka sai wanda yake Allah kuma mutum. Masu gyaran ikilisiya na ƙarni na 16 suka mai da hankali ga hukunci, cewa Yesu ya ɗauki horon da ya cancanci masu zunubi, kuma wannan ne ya fi yawa a wa'azin majami'un bishara. A ƙarni na 20 wani malami ɗan Suwidin, Gustaf Aulen, ya farfaɗo da fahimtar cewa gicciye nasara ce a kan mutuwa da Iblis.

Hoton go'el bai raba wannan gardama ba, amma ya rage mata zafi. Da Allah ya fanshi Isra'ila daga Masar, ko anini bai ba Fir'auna ba. Ishaya 52:3 ta ce an sayar da su a banza, za a kuma fanshe su ba da kuɗi ba. Abin da kalmar take nunawa a waɗannan wurare shi ne wanda ya taso da abin da tasowar ta ci masa, ba wanda ya ƙirga kuɗi a ɗaya gefen ba.

## Yadda Yahudawa da Musulmi suke kallon batun

Yahudawa suna karanta Littafin Rut a idin Shabu'ot, lokacin girbi. A wurinsu labari ne na alheri tsakanin mutane, da na baƙuwar da ta rungumi addininsu, da na asalin Dawuda. Go'el kuma Allah ne da ya fitar da su daga Masar, da mai ceton da suke jira ya maido da al'umma, ba mai mutuwa don zunubi ba.

Musulunci ya san fansa, har Alƙur'ani ya ce an fanshi ɗan Annabi Ibrahim da yanka mai girma (37:107). Amma ya nanata cewa wani rai ba ya ɗaukar nauyin zunubin wani (6:164 da 53:38), ya kuma ce ba a kashe Annabi Isa ba, ba a gicciye shi ba (4:157). Gafara tana zuwa ne ta tuba da rahamar Allah. Saɓanin ke nan a taƙaice: shin zunubi irin bashin da ɗan'uwa zai iya biya wa ɗan'uwa ne? Musulmi da Yahudawa sun ce a'a, kuma Ezekiyel 18:20 ma ta ce ɗa ba zai ɗauki laifin uba ba. Kirista suna amsawa da Ishaya 53, da kuma batun dangantakar nan, cewa wanda ya biya ba bare ba ne, ya zama ɗaya da masu bashin.

## Inda koyarwar take taɓa talaka

Wuri na farko shi ne gidan mamaci. A labarin Rut, dangin miji asara suka ɗauka don gwauruwa ta tsira da gona. Inda 'yan'uwan miji suke kwashe gona da kaya tun ba a share makoki ba, wannan littafi hujja ce a hannun matar da shugabannin ikilisiyarta, tare da 1 Timoti 5:8 da ta ce wanda bai kula da danginsa ba ya yi musun bangaskiya. Amma ana iya juya shi a tilasta mata auren ƙanen miji da sunan Bo'aza. Nassin bai ba da wannan dama ba: Rut ce ta nema, Bulus kuma a 1 Korintiyawa 7:39 ya ce matar da mijinta ya mutu tana da 'yancin auren wanda take so.

Akwai kuma wa'azin da ke mai da fansa alkawarin miji mai kuɗi ko shafewar bashi. Romawa 8:23 ta ce masu bi har yanzu suna nishi suna jiran fansar jikinsu, wato ba a gama karɓar gādon ba.

Batun kuɗin fansa na gaske shi ne mafi wuya, kuma tarihi ya bar misalai ta fuska biyu. A tsakiyar ƙarni na 3 Bishop Sifiriyan na Kartaj, a Tunisiya ta yau, ya tara sastar 100,000, kuɗin Rum na lokacin, ya aika a fanso Kiristan da aka kama a Numidiya, a arewacin Afirka. Bayan yaƙin 378 da ƙabilar Gotawa ta ci rundunar Rum, Bishop Amburos na Milan ya narkar da tasoshin zinariya na majami'a ya fanshi kamammu, aka zarge shi, ya kare kansa da cewa rai ya fi ƙarfe. A 1198 da 1218 aka kafa ƙungiyoyin 'yan zuhudu biyu a Turai waɗanda babban aikinsu ke nan. Malaman Yahudawa su ma sun ɗauki fansar kamammu babbar ibada, amma a Mishna, tsohon kundin dokokinsu, suka kafa iyaka: kada a biya fiye da ƙimar da aka saba, don gyaran zaman duniya. Ɗaya daga cikin dalilan da malamansu na baya suka bayar shi ne, in masu kamu suka ga ana biya da yawa, za su ƙara kamawa.